Maɓallan da Na Shuka a Gonar Doya

Shekarun baya da yawa, tun Lafia ba ta wuce garin da mutum zai ratsa da ƙafa kafin tuwonsa ya huce ba, na taɓa yin wani irin noma da ban ji wanda ya yi shi ba, kafina ko bayana. Jikata ce ke buga mini wannan labari a waya, kuma tun ban fara ba take dariya, don ta sha jinsa. Ni ma nakan yi dariyar, amma ba har ƙarshen labarin ba.

Ina da shekara bakwai ko takwas a lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mahaifina wanki da guga ne sana'arsa. Da sassafe zai ɗora ƙullin kaya a ka ya gangara rafin Amba, ni ina biye da shi da ƙwaryar sabulu da bula. Wankin wancan zamani duka ne. A jiƙa riga, a goga mata sabulu, a ɗaga a maka a kan dutse, a sake makawa, har datti ya gaji ya fita. Dutse da maɓalli kuwa ba sa ga-maciji. Shi ya sa mahaifina ba ya kai riga mai daraja rafi sai ya cire mata maɓallai ɗaya bayan ɗaya ya zuba a ƙoƙo. Sai an wanke, an sa sitaci, an goge, sannan ya zauna da allura ya mayar da kowanne mazauninsa. Sauran masu wanki suna ganin ɓata lokaci ne. Shi kuwa cewa yake, wanda ya ba ka rigarsa ya ba ka mutuncinsa ne ka riƙe masa na kwana biyu.

To, tun da sauran ba sa cirewa, bakin rafin nan cike yake da maɓallai. Nan na sami abin yi. Yara suna kamun kifi da ƙwarya, ni ina duƙe ina tonon yashi. Ina da wani gwangwanin madara da nake tara su, masu rabi da masu kunne ɗaya da waɗanda ruwa ya side har suka yi santsi. Akwai farare irin na ɓawon makankari, waɗanda in suka jiƙe sai launi ya riƙa yawo a jikinsu, shuɗi ya koma ja-ja, ja-ja ya koma kore. Nakan kwanta a gindin kwakwar manja in kara maɓalli a idona in leƙa ta hudarsa. Ta huda ɗaya in ga gajimare, ta ɗaya in ga ganye yana rawa, ta ɗaya in ga ƙafar mahaifina cikin kumfa. Sai in ji kamar garuruwa huɗu ne daban, ni kaɗai na san ƙofarsu. Ana iya kirana sau biyar ban ji ba. Mahaifiyata, da ke sayar da gishirin Keana a ƙofar gida, takan ce, "Wannan 'yar, jikinta kawai muka samu, hankalinta yana wajen Allah."

Wata rana muna zaune mahaifina yana mayar da maɓallai, na tambaye shi daga ina suke zuwa. Ya ɗauki ɗaya ya ce wannan ƙashi ne. Ya ɗauki wani ya ce wannan daga ruwa ya fito. Sannan ya ɗaga wani mai ruwan ƙasa ya ce, "Wannan kuwa ɗan itace ne. An ce da ƙwallon goriba ake yin irinsa a can ƙasar Turawa."

Ya ci gaba da bayanin yadda ake fere shi a huda, amma ni ban ji sauran ba. Na tsaya a kan ɗan itace. Tun daga ranar na shiga mafarkin ido biyu. Ina ganin wata bishiya a bayan gidanmu, ba doguwa ba, daidai yadda zan miƙa hannu, rassanta sun sunkuyo da maɓallai, in iska ta kaɗa su riƙa ƙara a hankali. Ina ganin mahaifina ya daina zagaye rumfunan teloli yana neman wanda zai dace da rigar wani, sai dai ya ce, "Je ki tsinko mini farare uku." Masu magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni a wuya ya ɗaure ni.

Ban ɓata lokaci ba. Na zaɓi 'yan fasassu daga gwangwanina na binne a bayan madafi, ina ba su ruwan wanke-wanke safe da yamma. Mako biyu, ko ƙwaro bai leƙo ba.

Bayan dangarmu akwai gonar maƙwabcinmu, wani dattijo Eggon da muke kira Baba mai doya. Damina tana ban-kwana a lokacin, ƙasa da sauran laima, shi kuma ya gama tada tsibi yana shukar wuri. Tsibi shi ne tarin ƙasar da ake yi wa doya, kowanne ya kai mini ƙugu, kuma a gonar nan sun jeru har inda idona ya gaza. Nakan zauna a kan wani kututture in yi ta kallonsa. Zai buɗe gefen tsibi, ya sa irin doya da aka shafe da toka, ya rufe, sannan ya yi masa hula da busasshiyar ciyawa don kada rana ta dafa irin, ya danne ciyawar da dunƙulen ƙasa. Bahago ne, komai nasa ta hagu yake farawa.

Na ga ya ɗauki wani iri ya juya shi ya jefar gefe, sai na ce, "Baba, me ya yi?"

Ya ce, "Ya ji ciwo. Iri wanda ya fashe ba ya tashi, yarinya. Ƙasa ba ya son abu mai ciwo. Wanda ya fi kyau duka, shi ne kana ba shi."

"Me ya sa ba ka zuba su wuri ɗaya?"

Ya yi dariya. "Za su yi faɗa. Tsibi ɗaya, iri ɗaya. Kowa da ɗakinsa."

Na tashi daga kututturen nan ina jin na fi kowa ilimi a Lafia. Ashe laifina biyu ne, na shuka fasassu, kuma na cusa su rami ɗaya. Abin da ya rage kawai in sami lafiyayyen iri.

Ranar Laraba irin ya zo da ƙafarsa. Akwai wani tsohon soja da ya je yaƙin Bama ya dawo, yana gadi a wani siton riɗi kusa da kasuwa. Kofur kowa ke ce masa. Dogo ne, ba mai yawan magana ba, Hausarsa ta bariki ce, kuma sau ɗaya a shekara yake zuwa gidanmu, in ranar da tsofaffin sojoji ke taruwa su tuna waɗanda ba su dawo ba ta matso. Yakan zo da rigarsa ta kaki a naɗe cikin zane. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma a gaban mahaifina. Maɓallan tagulla biyar ne a jere a gaba, manya, kowanne da ɗan zoben waya da ke riƙe shi ta baya. A aljihun ƙirji na hagu kuwa akwai wani daban, ƙarami, mai duhu, mai huda huɗu, an ɗinke shi da baƙin zare.

Kofur ya ce, "Malam, Sande, ran Lahadi, da safe ne fareti. Zan zo in karɓa Asabar da yamma."

"In Allah ya yarda za ka same ta a shirye, Kofur."

Sai ya ɗora yatsa a kan ƙaramin nan na aljihu. "Wannan botin, abeg, ka kula da shi ya fi duka. Sauran ana samu. Wannan babu."

Mahaifina ya ce, "Kamar kullum." Bai tambaye shi dalili ba, don ba halinsa ba ne.

Washegari Alhamis ya zare zobban ya cire na tagullar, ya sa reza ya warware zaren ƙaramin, ya zuba duka shida a ƙoƙo. Gogar maɓallan tagulla aikina ne tun bara, da toka da lemun tsami. Ya miƙo mini ya ce in na gama in ajiye a cikin tukunyar da ke bayan ƙofa, ya ɗauki kaya ya tafi rafi.

Na zauna a inuwa na goge su har suka fara mayar mini da fuskata, 'yar mitsitsiya mai faɗin hanci. Rana ta sauka a kansu, haske ya haura bango yana wasa. Na juya su babu tsaga, babu ciwo. Ƙaramin kuwa da na ɗora shi a tafin hannuna sai na ga shi ne sak irin wanda mahaifina ya ce ɗan itace ne. Na yi lissafi irin nawa. Wake kwana uku yake yi ya tsiro. Yau Alhamis. Kafin Asabar da yamma sun fito, in mayar wa Kofur shidansa, abin da ya ƙaru kuma namu ne. Wallahi ko kaɗan ban ji ina yin laifi ba. Daɗi ma nake ji, irin na wanda ya ɓoye wa mutanen gida albishir.

Da rana ta take, Baba mai doya ya tafi gida cin abinci, na tsallaka danga da ƙoƙona. Gonar shiru, sai kukan kurciya. Na shiga tsakanin tsibin nan ina tafiya kamar cikin wani gari na ƙananan ɗakuna da mutanensa suka yi barci. Na zaɓi ɗaya, na ɗage hular, na tura maɓalli da tsinke, na mayar da ciyawa. Na yi gaba na zaɓi wani. Kowa da ɗakinsa.

Kada ku ce ban sa alama ba. Na sa. Na farko yana inda kurciya ta sauka. Na biyu yana daidai inda inuwar kan kwakwa ta tsaya. Na uku, inda tururuwa suka ja layi. Sauran biyun na riƙe su da wani farin gajimare da ke bisa kaina. Jikata a nan take faɗuwa da dariya kullum.

Ƙaramin na bari ƙarshe, don shi na fi sa wa rai. Na yi nisa da shi cikin gonar, na durƙusa, na buɗe gefen tsibi da hannu yadda na ga Baba yana yi, na kwantar da shi, na rufe. Sannan na tsaya na tuna komai. Na jera ciyawar da hannun hagu, kawunanta suna kallon gabas, na juya dunƙulen ƙasar gefensa mai laima ya koma ƙasa, na danna sau biyu da dunduniyar hannu. Na ja baya na duba, ni kaina ban iya bambanta shi da maƙwabtansa ba. Har na yi wa kaina kirari a zuci.

Ranar Juma'a aka yi wani ɗan yayyafi, na ƙarshe a shekarar. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa ina murmushi, ina cewa Allah ma yana taya ni.

Asabar da hantsi na leƙa gonar ta saman danga, ban ga komai ba. Na ce wataƙila sai azahar. Azahar ɗin ce ta zo da mahaifina, ya gama guga, rigar Kofur ta sha sitaci har tana iya tsayuwa da kanta. Ya zare allura ya ce, "Kawo mini ƙoƙon nan."

Na kawo ƙoƙo.

Ya duba ciki, ya dube ni. "Ina maɓallan?"

"Ba su fito ba tukuna, Baba."

"Daga ina?"

"Daga ƙasa."

Mahaifiyata ta saki muciya ta fito tana salati. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, har da batun bishiya da farare uku, ina jiran wani ya ce kai, yarinyar nan da basira. Mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya ajiye allurar a hankali, ya zauna a kan turmi, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ban taɓa ganinsa haka ba. A nan ne na gane abin da na shuka ba maɓalli ba ne kaɗai.

Muka tsallaka gona mu uku da Baba mai doya, wanda mahaifina ya je ya yi wa sallama da kunya kamar zai nutse. Aka ce in nuna wuri. Na nemi kurciya, ta tashi. Inuwar kwakwa ta koma wani gefe. Tururuwa sun gama abin da ya kawo su. Na ɗaga kai sama, shuɗi fes. Yayyafin da na yi wa godiya kuwa ya share sawuna tas. Na tsaya tsakiyar ɗaruruwan tsibi masu hula iri ɗaya na fashe da kuka.

Baba mai doya ya ce, "Yi shiru, yarinya. Kai ba ka san su ba, ni na san su."

Ya goya hannu a baya ya shiga bin layi a hankali, ba ya taɓa komai, hulunan kawai yake kallo. Can ya tsaya. "Wannan ba hannuna ba ne. Ciyawa yana kallon yamma." Ya ɗage, ya sa yatsu biyu, sai ga tagulla tana walƙiya cikin jar ƙasa. Ya yi gaba. "Wannan an sa dunƙule a kife." Na biyu. Wani an tara ciyawar a tsakiya kamar sheƙar kaza. Na uku. Haka ya bi har ya zaro biyar, bai fasa tsibi ko ɗaya ba, bai taɓa irin doyarsa ba. Kowanne ya fito sai mahaifina ya ce Alhamdu lillahi ya goge shi da bakin rigarsa.

Saura ƙaramin. Baba ya bi gonar daga farko zuwa ƙarshe, ya sake bi ta kwance. La'asar ta yi. Ya dawo ya tsuguna a gabana ya ce in nuna masa yadda na rufe na ƙarshen. Na ɗebi ciyawa na yi masa a ƙasa, da hagu, kai gabas, laima ƙasa, danni biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

"Malam, yarinyanka ya iya aiki. Wannan ko ni ba zan gane ba."

A rayuwata ban taɓa samun yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Baba ya miƙe ya dubi gonarsa. Ya ce, "In ka ce a buɗe duka, za a buɗe. Zan kira yarana. Amma iri ya riga ya kwanta, in an tashe shi rana zai kashe da yawa."

Kowa ya san abin da yake nufi. Abincin gidansa ne na shekara mai zuwa. Mahaifina ya dubi biyar ɗin da ke cikin tafinsa. Sannan ya ce, "A'a, maƙwabci. Ba zan gyara amanar wani da yunwar 'ya'yanka ba. Na gode."

A gida mahaifiyata ta zazzage gwangwanina a tabarma, ta tsinto wani mai duhu mai huda huɗu, ta ce ai ga ɗan'uwansa, wa zai gane? Gaskiya sun yi kama. Mahaifina ya karɓa ya duba, ya mayar mata. Ya ce, "Shi zai gane. In ma bai gane ba, ni na sani." Ya mayar da na tagullar biyar, ya naɗe rigar cikin zanenta, ya ce da ni, "Taso. Ba za mu jira ya zo ba. Bakin da ya ce a shuka, shi zai faɗa."

Hanyar kasuwa ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. Mun sami Kofur zaune a kan benci a inuwar sito. Mahaifina, wanda ya girme shi, ya tsuguna a gabansa, ya buɗe rigar, ya nuna aljihun da babu komai. Sannan ya turo ni gaba. Na faɗa, tun daga goriba har zuwa hular ciyawa.

Kofur bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a inda zaren ya bar huda huɗu a jikin kakin. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malam, na ce maka wannan. Wannan ɗaya na ce maka."

"Ka faɗa, Kofur. Laifina ne. Ni na ba yarinya."

"Ka san mene ne?"

"Ban sani ba."

Ya juya yana kallon hanya. Da ya fara magana ba mu yake kallo ba. Ya ce yana da aboki a soja, mutumin wajen Agyaragu, tare aka ɗauke su, tare suka shiga jirgin ruwa. A can Bama wata rana suna ƙetare wani kogi da kaya a ka, ruwa ya fi ƙarfin abokin. Kofur ya kai hannu ya cafki gaban rigarsa. "Na riƙe shi. Wallahi na riƙe shi. Ruwa ya ja, ni na ja. Sai na ga hannuna ya dawo da botin kawai." Ba a ga gawar ba. Da ya dawo gida ya je garinsu, uwar abokin ta tambaye shi ina aka binne ɗanta, ya rasa abin da zai ce mata.

Ni dai ina tsaye, hawaye sun ƙafe don tsoro. Mahaifina ya sunkuyar da kai yana cewa, "Inna lillahi."

Can Kofur ya juyo gare ni. "A ina ka ce ka sa shi?"

"A gonar doya."

"Cikin tsibi?"

"I, Baba."

"Ka rufe shi da kyau?"

Na gyaɗa kai. Mahaifina ya ce, "Da kyan ne ma ya sa aka kasa ganinsa."

Kofur ya miƙe ya ce a kai shi ya gani.

Rana ta yi sanyi lokacin da muka isa, haskenta ya kwanta a kan hulunan ciyawar nan duk sun koma ruwan zuma, kowane tsibi da doguwar inuwarsa. Baba mai doya yana nan bai tafi ba, yana sake bin layi shi kaɗai. Da ya ga Kofur ya taho ya ce, "Oga, in kana so, gobe da asuba mu buɗe."

Kofur ya matsa gaba. Ya tsaya a bakin gonar yana kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Ya tambayi wace irin doya ce aka shuka, Baba ya gaya masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce abokin nan nasa ba shi da hira sai ta doya. Ana ruwan harsashi yana cewa yanzu a gida an fara tada tsibi, wa zai taya tsohonsa? Har sojoji suka gaji suka riƙa tsokanarsa.

Sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Baba ma ya cire tasa. Mahaifina ya tsaya a gefensu. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai ji kurciya ta dawo tana kuka a wani wuri cikin gonar.

Kofur ya ce, "Kar a buɗe. Bar shi. Shekara goma da wani abu ina yawo da shi a ƙirji, ban san inda zan ajiye shi ba." Ya dubi Baba. "In kun zo haƙan doya kun gan shi, abeg, ku mayar da shi ciki."

Baba ya ce, "Na ji, Oga."

Sannan ya sunkuyo, dogon mutum, har fuskarsa ta zo daidai da tawa. Idanunsa sun yi ja. Ya ɗora mini hannu a ka ya ce, "Ni ban iya binne shi ba. Kai ka binne shi."

Mahaifina ya ce zai ɗinke bakin aljihun don kada ya yi ta lilo a fareti. Kofur ya ce a bar shi haka. Washegari na hango su daga nesa, tsofaffin sojoji a jere, shi a ƙarshen layi, tagulla biyar suna ƙyalli, murfin aljihunsa na hagu yana ɗagawa in iska ta taɓa shi.

Ba a doke ni ba. Mahaifina dai ya karɓe aikin gogar maɓalli daga hannuna, sai da na shekara biyu kafin ya sake miƙo mini ƙoƙo, kuma wannan ya fi mini bulala zafi. Da aka haƙi doya ba a ga komai ba. Gonar ma yanzu babu ita, gidaje ne da shaguna a wurin, ko ni sai na yi da gaske nake gane inda dangarmu take.

Na daɗe ina ɗauka cewa Kofur tausayina ya ji. Na ce a raina, mutumin kirki ne ya ga yarinya a tsorace, ya ga dattijo a tsugune, sai ya nemi maganar da za ta sauke mana nauyi. Da haka nake ba da labarin shekara da shekaru, a yi dariyar kurciya da gajimare a tashi.

Sai da na girma na yi 'ya'ya, ɗana na fari ya tafi neman abinci wani gari mai nisa, ciwo ya kama shi a can. Mutanen kirki suka yi masa sutura suka binne shi kafin labari ya iso ni. Da na samu na je, wanda ya san wurin ya bar garin, maƙabartar kuma ta cika ta haɗe. Na tsaya a bakinta ina kallon tudun ƙasa iri ɗaya har inda idona ya gaza, ban san wanne ne nawa ba. Na zaci zuciyata za ta fashe. Amma sai na ji wani sanyi ya sauko mini, don na san dai yana nan, cikin wannan ƙasa, kuma wani da ban sani ba ya durƙusa ya rufe shi da kyau. Na yi ta neman mutumin nan in riƙe hannunsa, ban same shi ba.

A bakin maƙabartar nan, ina da furfura a kaina, na gane abin da Kofur ya yi ranar da ya ɗora mini hannu a ka. Godiya yake yi mini.